An Toshe Ƙofofin Waya, Aka Kira Shi Ci Gaba

A watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonnin da suka biyo baya sun raba wayoyi gida biyu. Manomi mai ƙaramar itel ya ci gaba da kama labarai ta rediyon cikinta, yana sauraren tafsirin da ke kan memorinsa. Ma'aikacin da ya zuba albashin watanni a iPhone kuwa ya zauna da gilashi mai tsada a hannu: ba rediyo, waƙoƙinsa suna can a rumbun kamfani a hayin teku, sai abin da ya yi dabarar saukewa tun da wuri.

Ba haka wayoyi suka faro ba. Sony Ericsson W800 ta 2005, da Nokia 5310 da N95 na 2007, sun haɗa kyamara da na'urar sauraren waƙa da rediyo da Bluetooth da gurbin memori a jiki ɗaya. Darajarsu ita ce duk abin da ke ciki mallakar mai waya ne. Ya cire memori ya sa a wata wayar, ya tura wa abokinsa ba tare da kobo ya fita ba. A kan haka sana'ar masu turi ta tsaya a kasuwar Farm Centre ta Kano da bakin kowace tasha. Ta wannan hanya waƙoƙin da Mdou Moctar, mai kaɗa jita ɗan Nijar, ya ɗauka a Sakkwato a 2008 suka ratsa Sahara daga waya zuwa waya, har ɗaya ta shiga kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, duniya ta san shi. Babu kamfanin da ya tallata shi a farkon tafiyar.

Sai aka shiga toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. A 2016 Apple ya cire kafar iyafis daga iPhone 7, wani babban jami'insa, Phil Schiller, ya kira matakin jarumta. A taron nan aka ƙaddamar da AirPods, iyafis marar igiya da ake saye daban, mai batirin da ba a canjawa, wanda yake mutuwa bayan 'yan shekaru. Samsung ya yi tallan yi wa Apple ba'a, sannan ya bi sahu a Galaxy Note 10 a 2019, ya kuma cire gurbin memori daga Galaxy S21 a 2021. Akwai asarar da ba a ambata ba: a yawancin wayoyin shafa igiyar iyafis ita ce eriyar rediyo, saboda haka wanda ya toshe kafar ya binne rediyon tare da ita.

Hujjar da ake kawowa ita ce kariya daga ruwa da neman fili a cikin waya. Galaxy S7 ta 2016 tana da kafar iyafis, tana da gurbin memori, tana kuma jure nutso. Kamfanin da ya iya a lokacin bai manta ba. Lissafi ne ya sauya. Tsakanin iPhone mai gigabait 128 da mai 256 akwai ratar dala 100, alhali memori mai girman wannan ratar bai kai rabin kuɗin ba. Kyamara kuma kullum ƙara nauyin hoto take yi, waya ta cika, sai saƙo ya faɗo cewa a sayi wuri a iCloud, wanda gigabait 5 kacal yake bayarwa kyauta. Google ma ya janye ajiyar hotuna ta kyauta marar iyaka a watan Yunin 2021. Mutum ya sayi gida, amma ɗakin ajiya haya zai riƙa biya duk wata, da kuɗin data a kai, a ƙasar da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin sadarwa a Janairun 2025.

Masu kare wannan tsari suna da magana ɗaya mai nauyi. Turi ya kashe kasuwar faifai, ya jefa furodusoshin Kannywood da mawaƙa cikin asara, kuma sauraro ta intanet yana mayar wa mai fasaha wani abu. Gaskiya ne. Sai dai ba don tausayin mawaƙin Kano aka cire gurbin memori a Amurka da Koriya ba, kuma a kan memorin nan ɗalibi yake ajiye karatunsa, ɗan kasuwa yake ajiye hotunan kayansa. Ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga.

Abin takaici shi ne 'yan boko, waɗanda suka fi kowa sanin wannan lissafi, su ne kan gaba wajen tafi. Farin iyafis a kunne ya zama shaidar wayewa, mai Tecno kuma abin yi wa kallon ƙauyanci. Amma kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne domin ya bar sim biyu da rediyo da memori a yawancin wayoyinsa, ya kuma gyara kyamararsa ta fito da fuskar baƙar fata yadda take.

Hukumomi a wasu ƙasashe ba su naɗe hannu ba. Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya, Apple ya sauya zuwa USB-C a iPhone 15 a 2023. A shekarar ce gwamnatin Indiya ta ja kunnen masu ƙera waya kada su kashe rediyon FM, tana mai nuni da amfaninsa lokacin bala'i. NCC tana da irin wannan sandar a hannu, domin doka ta ba ta ikon tantance kowace irin waya kafin a sayar da ita a Najeriya. Hukumar da ta ba da umarnin katse sabis ga miliyoyin mutanen Zamfara ita ta fi cancanta ta shardanta cewa kowace waya ta shigo da rediyo mai aiki.