Mai Ba Ya Tsabtace Aska

Ɗan'uwa, in ka zauna gaban wanzami a Nima ko Mamobi cikin Ankara, za ka iya jin ana gardama: a shafa mai kafin aski, ko ruwa da sabulu sun isa?

Ga ra'ayinmu. Ruwan ɗumi shi ke tausasa gemu. Jiƙa fuska minti biyu ko uku, ka sa sabulu ya yi kumfa. In fatarka ta bushe, musamman da hunturu, ɗan man kaɗanya yana sa aska ta zame ba ta kankare fata ba. In kuwa fatarka mai maiƙo ce, bar shi, don yana iya ƙara maka ƙuraje.

Amma mai ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 cikin busasshen jini a bakin aska, ko da jinin da ido bai gani ba. Sai a 2002 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai a Gana. Wanda aka haifa kafin nan, wataƙila bai samu ba.

Saboda haka, a birni ko a ƙauye, ka je da rezarka, ko a buɗe sabuwa a gabanka. Kada kunya ta hana ka. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Ka zo asibiti a gwada jininka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya.