Lambun Bayan Gida: Renon Iri da Reshe a Ƙarƙashin Leda

A wannan wata za mu duba yadda ake renon iri da reshe a cikin rufaffen wuri kafin a kai su lambu. Mu da muke zaune a Yawunde ko Duwala mun san filin gida bai da yawa, ruwan sama kuma ba ya da sauƙi. Sau da yawa mutum zai yayyafa irin tumatir a fili, ruwa ɗaya ya sauko da dare ya wanke shi, abin da ya rage kuma kaji su tone. Ga kuɗin iri ya tafi, ga lokacin dashe ya wuce.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A samu akwatin katako ko tsohuwar roba mai faɗi, a huda gindinta don ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasa mai kyau da yashi da takin da ya riga ya ruɓe sosai. Kafin shuka, a kwarara tafasasshen ruwa a kan ƙasar a bar ta ta huce, domin zafin yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Sai a ja layi da yatsa, zurfin kamar santimita 1, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa kaɗan, a lulluɓe bakin akwatin da farar leda, a ajiye a inuwa mai haske.

Amfanin ledar shi ne ta riƙe laima da ɗumi. Tumatir yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, attarugu da tattasai kuwa sukan kai mako 2 ko fiye, saboda haka kada a yi saurin fid da rai da su. To amma a nan ne mutane da yawa suke yin asara, ni ma na taɓa yi. Wata shekara na bar ledar a rufe bayan iri ya tsiro, na yi tafiyar kwana 3. Da na dawo sai na tarar tsiron duk ya kwanta, gindinsa ya sirance ya yi baƙi kamar an ɗaure shi da zare. Wannan ruɓewar gindi ce, wadda ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa suke haddasawa idan ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga. Tsiron da ya kwanta ba ya tashi. Don haka da zarar an ga kore ya leƙo, a cire leda, a rage ban ruwa, a riƙa yin sa da safe kawai.

A madadin ledar sai a rufa tsohon gidan sauro wanda bai yage ba. Iska da haske za su shiga, amma farin ƙuda, mai ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, zai sha wuyar shiga, haka ma malam-buɗe-littafin nan da tsutsarsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Tumatir yana isa dashe bayan mako 4 zuwa 5, attarugu kuwa mako 6 zuwa 8. Mako guda kafin dashe a riƙa fito da akwatin rana kaɗan-kaɗan don tsiron ya saba, kuma a yi dashen da yamma.

Sai batun reshe. Zogale da shuwaka ba sa bukatar wani rufi, a kafa sandar a ƙasa mai laima za ta kama. Amma reshe mai ganye, da zarar an yanke shi daga uwarsa ya rasa hanyar shan ruwa, ganyen kuma yana ci gaba da fitar da ruwa, sai ya bushe kafin saiwa ta fito. A yanko shi da sassafe da wuƙa mai kaifi, tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa 2 ko 3. A tsinke ganyen ƙasa, na sama a rage rabinsa, a kafa a cikin yashi mai laima. Sai a yanke gindin babbar gorar ruwa ta roba a kife a kansa. Lalle da na'ana'a da furannin ado suna kamawa ta haka. Alamar nasara ita ce sabon toho, ba a tumɓuke reshe don a duba saiwa.

Mai son yin abin da yawa, akwai akwatin da masu binciken itatuwa suka yaɗa a nan Kamaru tun shekarun 1990, musamman cibiyar ICRAF, don renon reshen itatuwa irin su safu. Katako ne aka lulluɓe da leda, a ƙasansa a shimfiɗa duwatsu da tsakuwa a zuba ruwa, a sama a ɗora yashi ko garin katako. Ruwan da ke ƙasa shi ke ba da laima, ba wutar lantarki, ba famfo. Fa'idar reshe a kan ƙwallo ita ce, itacen da zai fito daidai yake da uwarsa wajen daɗi da yawan 'ya'ya, kuma yakan riga na ƙwallo fara haihuwa.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa: kada a kuskura a bar rufaffiyar leda a tsakiyar rana, domin cikin sa'o'i kaɗan za ta dafa abin da ke ciki. A can rumfar zana ko ta kara ita ce farkon abin da za a tanada.

A gwada ko da da akwati ɗaya ne, a rubuto mana yadda ta kaya. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.