JARIRI BA YA JIRAN AYARI

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a ƙasar nan tamu, wadda in ba a fito an faɗi aibinta ba, nan gaba kaɗan za mu ɗauka ita ce kiwon lafiya. Al'adar kuwa ita ce ta ayarin likitoci. Da zarar wani mai mulki ko mai neman mulki ya so a yi zancensa, sai ka ji sanarwa a rediyo, wai za a yi wa talakawa aikin tiyata kyauta na mako guda. A kafa rumfuna, a liƙa hotuna, a yi wa masu gwaiwa da masu yanar ido aiki, maroƙa su yi kirari, ran kwana bakwai ayari ya naɗe tabarmarsa ya kama hanya. Alheri ne, ba mai musu, don wanda aka raba da gwaiwar shekara goma shi ya san daɗin da ya ji. Amma tambayata ita ce, jaririn da aka haifa a Furfuri daren da ayari ya tashi, aka duba aka ga ba shi da dubura, shi wa zai jira?

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya nake yi. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowace haihuwa 5,000 ana samun kamar jariri ɗaya da ke zuwa duniya ba mafitar bayan gida, ko kuma tana nan amma ba a inda ya kamata ba. Wani a haife shi maƙoshinsa na abinci bai haɗu da tumbi ba, ko ya tsotsi nono sai ya dawo, yana kumfa yana shaƙewa. Wani hanjinsa a toshe, cikinsa ya yi ta kumbura yana amai kore. Wani kuma a haife shi hanjinsa a waje, ta wata 'yar kafa a gefen cibiya. Duk waɗannan ana gyara su, yaro ya girma ya yi karatu ya yi aure. Sai dai lokacinsu ba a ƙirga shi da wata ko mako, da sa'o'i ake ƙirga shi.

Kuma ba kowane mai riƙe wuƙar tiyata ke iya wannan aiki ba, domin jariri halittarsa daban take da ta babba. Jariri mai nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa bai fi rabin ledar ruwan sha ba. Jinin da zai zuba daga babban mutum ba a ko kula ba, misali babban cokali huɗu, shi ya isa ya kai jariri bakin kabari. Sanyi na kama shi nan da nan, jijiyarsa kamar zare, maganin barcin da za a ba shi sai an auna shi daidai da nauyinsa. Saboda haka bayan likitan tiyatar yara, tilas a sami likitan sa barci wanda ya saba da jarirai, da nas-nas masu kwana kansa, da kwalbar ɗumama jariri, da iskar oksijin, da jini, da wutar da ba ta ɗaukewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun a 1953 Turawan Ingila suka gane haka, suka buɗe sashen tiyatar jarirai na musamman a asibitin Alder Hey da ke Libaful. Mu kuwa, bayan shekara 70 da ɗoriya, muna nan muna jiran ayari.

To, bari mu bi sawun jaririn nan na Furfuri mu ga hanyarsa. Furfuri dai tana ƙasar Bunguɗu, kusa da Gusau, don haka ba ta ma cikin ƙauyukan da za a ce sun yi nisa. Amma binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Ke nan a ɗaki za a haife shi, a hannun ungozoma, wadda ta iya yanke cibiya da wanka amma ba wanda ya taɓa ce mata ta buɗe ƙafafun jariri ta duba. Kwana ɗaya ya wuce bai yi baƙin kashin nan na farko ba, a ce ai zai yi. Kwana na biyu ciki ya tashi, a jiƙa saiwa a ɗura masa. Na uku a kira wanzami, ko a ce iska ce, a nemo turare. Sai ya fara sanƙarewa sannan uba zai ranto kuɗin babur a nufi Gusau.

In aka yi sa'a aka tarar da likita da gado da jini da wuta duk a lokaci guda, to, madalla. In kuwa ɗaya ya ɓace, sai a rubuta takarda a ce a tafi gaba. Gaba ina? Ko dai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kilomita kamar 200, ko kuwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ta Tsafe da Funtuwa. Duk ɗan Zamfara ya san abin da 'yan bindiga suka mai da hanyoyin nan a shekarun baya-bayan nan, ya kuma san direbobi ba su son bin su bayan faɗuwar rana. Sai a kwana, a wayi gari, a shiga motar haya da jariri a cikin zane. In ya cika a hanya a juyo gida, a ce kwanansa ne ya ƙare.

A nan ne nake da ja. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali shi ne barin neman magani ba. A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74, kan jarirai masu irin waɗannan larurori na hanji da maƙoshi. A ƙasashe masu arziki, kusan kashi 6 cikin 100 suka mutu. A masu matsakaicin hali, kashi 20. A matalauta, kusan kashi 40. Masu hanji a waje kuwa, a ƙasashe masu arziki ba a rasa ko 2 cikin 100 ba, a matalauta aka rasa 90. Cuta ɗaya, jarirai iri ɗaya. Shin ajali ne ke duba fasfo kafin ya ɗauki rai? Bambancin a fili yake: can an tanadi wurin da za a kai yaro cikin lokaci, nan kuwa an bar uwa da Allah-ya-sawwaƙe. Wanda aka ɗanka wa amanar jama'a ya yi sakaci, sannan ya fake da ƙaddara, ya haɗa laifi biyu.

Masu cewa fiɗar jarirai baƙon abu ne na Nasara, su ma su koma tarihi. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa yadda ake buɗe wa jaririn da aka haifa ba dubura hanya. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Mu da ke tutiya da gadonsu, me muka ƙara a kai?

Na san za a ce mini, ai baƙi masu taimako sun yi mana rana. Gaskiya ne, kuma ba misalin da ya fi Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato. Noma a nan ba ta gona ba ce, cuta ce mai zaizaye baki da fuska, tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa da ƙyanda suka raunana, in ba a yi magani ba kuwa tana kashe kusan 9 cikin 10. An buɗe asibitin a 1999, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo da taimako tun 2014, ana gyara fuskokin yara kyauta, har da na Zamfara. Nijeriya ce ma ta jagoranci kiran da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a Disamba 2023. To, amma mene ne sirrin wannan nasara? Asibiti ne tsayayye, mai gado da ma'aikata dare da rana, wanda uwa ta san inda yake. Sannan tabon noma da tsagaggen leɓe suna iya jiran wata uku kafin ƙwararru su zo. Toshewar hanji ba ta san wannan haƙuri ba. Haka kuma yaro ɗan shekara goma da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, ko ɗan wata shida da hanjinsa ya shige cikin juna, ko wanda harsashi ya sama a gona. Zanen aro ba ya rufe katara.

Za a kuma ce, ina kuɗi? Ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga rashin tsaro, wa ke ta tiyatar jarirai? Amsa ita ce, alkawarin ba mu muka ɗaukar musu ba, su suka ɗauka da bakinsu. A Abuja, cikin Afrilu 2001, shugabannin Afirka suka amince za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ta shafe shekaru ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai larurar gaggawa. A 2019 aka fito da tsarin aikin tiyata na ƙasa na shekara biyar, aka sa tiyatar yara a ciki. A 2024 Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Takardu kam ba mu da talaucinsu. Ma'aunin duk waɗannan kuwa guda ne: uban da ya iso ƙofar asibiti da jariri mai kumburarren ciki da ƙarfe biyun dare, za a fara tambayarsa kuɗi ne, ko za a fara duba yaron? Ƙasar da ke da kuɗin kai manya duba lafiya Masar da Indiya da Ingila ba ta da bakin cewa kwalbar jariri ta yi tsada.

Kada kuma wani ya ce 'ya'yanmu ba su da basirar. A Nuwamba 2019, a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ma'aikata 78 ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Ameh, wanda ya daɗe yana aiki a Zariya, suka raba tagwayen da aka haifa manne ta ƙirji da ciki, duka biyun suka rayu. A Fabrairu 2024 aka raba wasu tagwayen na Kano a Riyad, muka yi ta godiya ga Saudiyya, kuma ta cancanci godiyar. Amma jirgin da ya ɗauki yara biyu ba zai dawo ya kwashi sauran ba. Basira muna da ita, riƙo ne ba mu iya ba, shi ya sa likitocinmu ke ta ficewa ƙasashen waje.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, da murya ɗaya. Na farko, a yi ɗan lissafi: shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta bautar ƙasa, sannan kamar 6 na ƙwarewa, shekara 14 ke nan kafin a sami likitan tiyatar yara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar Zamfara ta ɗauki nauyin 'ya'yanta maza da mata tun yanzu, likitoci da masu sa barci da nas-nas, ta kuma ba su albashi da muhalli da tsaron da zai sa su zauna. Na biyu, a tabbatar da cikakken sashen tiyatar yara a Gusau mai aiki dare da rana, da wutarsa ta hasken rana da ma'ajiyar jininsa. Na uku, aikin gaggawa na jariri ya zama kyauta a aikace, tun daga allura har zaren ɗinki. Na huɗu, manyan asibitocin Bunguɗu da Tsafe da sauran ƙananan hukumomin jihar su sami motar asibiti mai mai a ciki, da ma'aikacin da ya iya sa wa jariri ƙarin ruwa, ya zura masa siririyar roba ta hanci, ya lulluɓe hanjin da ke waje da leda mai tsabta, ya ɗumama shi, kafin a kama hanya.

Na biyar kuwa namu ne, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Mu da muke taƙama da kishin harshen Hausa, me ya hana mu sa shi aiki? Alamu huɗu ne kacal ya kamata kowace ungozoma da kowace kaka ta haddace: jaririn da ba shi da dubura ko ya kwana ya wuni bai yi kashi ba, mai amai kore, mai kumburin ciki, da mai kumfar baki yana shaƙewa in ya sha nono. Duk wanda aka gani da ɗaya, a daina ɗura masa komai, a rufe shi da kyau, a nufi asibiti a ranar. Wannan bai fi ƙarfin ɗan wasan kwaikwayo na rediyo ba, ko gajeriyar waƙa, ko takarda guda da za a kai wa limamai da masu unguwanni da wanzamai lokacin hutu. Mu zauna da 'yan'uwanmu na sashen likitanci, su ba mu ilmin, mu ba su kalmomin.

Ran da 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da alkawarin ayarin tiyata, mu karɓa mu yi godiya, sannan mu tambaye su likitocin yara nawa suka tura karatu, kuma yaushe za su dawo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, amin.