TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwar Mashi, ku kasa kunne. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya san ginin da aka kai linta aka watsar, yanzu awaki ke kwana a ciki. Ya san rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da guɗa, ba ta yi damina biyu ba. Kuɗin wa aka binne a wurin? Kuɗinku ne.

Kada a ce ƙage muke yi. An gama madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-ma a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe aikin kai ruwanta famfunan Katsina. Shekara 38 ke nan! A 2011 kuma kwamitin Ibrahim Bunu ya ƙidaya ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 waɗanda aka fara ba a gama ba.

Shin me ya jawo wannan? Sata tana ciki, ba mu musa ba. Amma akwai ciwo na biyu: kowane mai mulki yana so a ce shi ya aza harsashi, kuma babu mai tsaya masa ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke baitulmali bai isa ba."

To, ku sani faɗin wannan magana sana'a ce, ana koyonta, har ana ba da satifiket a kanta. Ƙungiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ta soma ba da takardar PMP a 1984 ga mai riƙe aiki guda. A 2014 ta fito da PfMP domin wanda zai duba dukan ayyukan ma'aikata gaba ɗaya, ya auna su da kuɗin da ke hannu, ya ce wannan a fara, wannan ya jira, wannan a soke. A Nijeriya ma an yi dokar kafa cibiyar masu wannan sana'a, wato CIPMN, a 2018.

Kai ɗan kasuwa, ai ka san wannan ilimi tun a rumfarka. Idan jarinka na buhu goma ne, ba ka ba da kafin alƙalami a kan buhu hamsin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da mai tebur ya sani, yaya za a ce ya gagari masu riƙe biliyoyi?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, kowace ƙaramar hukuma, har da tamu ta Mashi, ta sa mutum mai wannan takarda ya riƙe lissafin ayyukanta duka, kuma kada a aza sabon harsashi sai ya sa hannu cewa akwai kuɗin gamawa. Na biyu, a rubuta sunansa a allon aiki tare da na ɗan kwangila, da yawan kuɗi, da ranar gamawa, da Hausa, yadda mai wucewa zai karanta. Na uku, idan ya sa hannu a kan ƙarya, a ƙwace takardar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Sai dai a yi hattara. Takardun Amurka da dala ake biyan kuɗin jarrabawarsu, ɗan manomi bai isa ba. Idan aka yi sake, satifiket zai zama sabon rawani da 'ya'yan manya kaɗai za su naɗa. Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa masu hazaƙa su koyi sana'ar, don wanda uwarsa ke jan ruwa da guga ya fi sanin zafin rijiyar da ta ƙafe.

Ku kuwa jama'a, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku da alkawarin sabon aiki, ku kama hannunsa ku kai shi gaban tsohon kango, ku ce ya fara da wannan.

Allah ya taimaki mai gaskiya.

Akawun Jam'iyya, Mashi