Bayan Kyamara: Jakar mai ɗaukar hoto ba lefe ba ce

Idan motar 'yan fim ta tsaya a lokeshin, idon kowa a kan jaruma yake: wane leshi ta sa, wa ta gaisar, wa ta share. Babu mai kallon yaron nan da ke fitowa a ƙarshe, kafaɗa ɗaya a karkace, baƙar jaka na dukan cinyarsa. Alhali kuwa in jakar nan ta samu matsala, aikin ranar ya tashi ke nan, ko da Ali Nuhu ne da kansa ke zaune yana jiran darakta ya ce a fara.

A farkon shekarun 2000, lokacin da ake yayin Mini DV, kaset ɗaya minti 60 yake ci, don haka kusan rabin jaka kasa-kasai ne. Da kamfanin Canon ya fito da 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto mai ɗaukar bidiyo, sai sana'ar ta sauya a duniya, daga baya sauyin ya iso industirinmu. Kyamara ta ƙanƙance, kaset ya koma ɗan katin memori. Sai dai jaka ba ta yi sauƙi ba. Jikin wannan kyamarar da batir a ciki ya kusa kilo 1, dogon lensin nan na 70-200 mai buɗewa sosai ya kai kilo 1 da rabi shi kaɗai. A ƙara wasu lensin biyu, da batura, da caja, da kwamfuta, nan da nan an doshi kilo 6 ko 7.

To a nan ne samari da yawa ke cutar kansu. Jaka mai maratayi ɗaya ta fi kyau a ido, ta fi saurin zaro kyamara, amma a gidan biki take da daɗi. Ranar da za a yi waƙa da rawa, a ce yau a gefen ruwan Tiga ko a kan duwatsun Jos, ana hawa ana sauka tun hantsi har la'asar, kafaɗa ɗaya ba za ta iya ba. Kafin azahar wuya ya riƙe, hannu ya fara rawa, hoto kuma ba ya yafe wa hannu mai rawa. Jakar goyo ce maganin irin wannan rana, musamman mai ɗamara a ƙugu, domin ita ke sauke nauyi daga kafaɗa ta ɗora wa kwankwaso. A ja igiyoyin har jakar ta manne da baya. Wadda ke reto a kan ɗuwawu gayu ne kawai, kuma ƙashin baya ne ke biyan kuɗin gayun.

Shirin cikinta ma da ƙa'ida. Abu mafi nauyi shi ke jingina da bayan mutum, marasa nauyi su zagaye shi. Kowane lensi da ɗakinsa, da soso a tsakani, murfi a gaba, murfi a baya. Wanda jakarsa ba ta da soson raba ɗaki, safa mai tsabta ma tana yi. Kyamara kuwa tana sama-sama da lensin da za a fara aiki da shi a ɗaure, yadda ba sai an zazzage komai a ƙasa ba in darakta ya ƙwala kira.

Amma kafin a zo ga shiri, akwai tambayar da ba a cika yi ba: me za a ɗauka gobe? Mai wayo yakan samu darakta tun daddare ya ji fitowa nawa ce, a ɗaki ce ko a fili. In duk a falo za a wuni, me dogon lensi zai je yi? Wasu suna kwasar duk abin da suka mallaka ne don a ce musu manya. Su ne ake gani da yamma sun zauna a kan akwatin fitila suna matsa wuya.

Batir da memori su ne ran aikin. A rubuta wa kowane batir lamba, mai caji a aljihun dama, wanda ya mutu a na hagu, kada a tsaya ana gwadawa ɗaya-ɗaya jarumai na tsaye cikin rana. Katin da ya cika kuwa bai kamata ya kwana a jaka ba. Wurinsa aljihun riga mai zif, a jikin mutum, har sai an juye shi a wuri biyu. Kyamara in ta ɓata, a biya a yi kuka a wuce, duk da cewa galibi ta haya ce. Kati in ya ɓata, furodusa ne zai sake tara mutanen da tuni wasunsu sun wuce wani aikin a Kaduna, ya sake biyan abinci, da mota, da man janareta.

Sai yanayi. Lokacin hunturu ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Ba a canza lensi a bainar iska: a kashe kyamara, a juya wa iska baya, a kifa bakinta ƙasa, a yi maza. Ƙwayar ƙura ɗaya a ciki sai ta fito ɗigo a sararin sama a kowane hoto. A watan Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, baƙar jaka a but ɗin mota kuwa tanda ce. Da damina a ajiye babbar leda a ƙasan jaka, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

A mota, jaka a kan cinya take zama, ba a baya tare da janareta da ƙarafunan fitila ba. A cikin Kano an hana acaba tun 2013, amma lokeshin ɗin ƙauye har gobe sai da babur, nan ma a matse ɗamara kafin a hau. In an tafi salla ko cin abinci, a damƙa ta ga mutum ɗaya da sunansa, domin "ku duba min" a tsakiyar 'yan kallo daidai yake da babu mai dubawa.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya, don kunya ce a ciki. Da an ga jaka mai zif sai kowa ya tuna yana da ajiya: wannan ta miƙo hoda, waccan turare, wani ya cuso fiya wata biyu a gefen lensi. Leda ɗaya ta fashe, an gama. Yaro dai ya daure ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, ba wuri," ya nuna mata mai kwalliya.