Wa Zai Tayar Mana Da Surame?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu girma, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita a wannan mujalla tamu, ko da za a ce yaro ya yi rashin kunya. Maganar ita ce ta wani sabon fannin ilmi da jami'o'in duniya suke ba da digiri na biyu a kansa, mu kuwa masu nazarin Hausa an sa mana ido, mu ma mun sa wa kanmu ido, kamar ba da mu ake yi ba.

Bari in fara da bayyana abin, don kada in yi ta sara a kan gaɓar da ba a gani. Fasahar iri biyu ce. Ta farko ni na laƙaba mata suna gani-kamar-gaske. Mutum zai ɗaura wani tabarau mai ƙananan allo biyu, kowane ido da nasa, a ciki kuma akwai na'urar da take bin motsin kansa, in ya waiwaya hoton ya waiwaya da shi, har ya ji kamar yana tsaye a wurin da ake nuna masa. Ta biyu ita ce ƙari-kan-gani, watau ka ɗaga wayarka a gaban kango, sai ta nuna maka kangon tare da ginin da ya taɓa tsayawa a kansa. Abin ba na jiya ba ne. Tun 1968 wani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya ƙera tabarau na farko irin wannan, a 2014 kuma kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera su a kan dala wajen biliyan 2. Yanzu kwalejin Goldsmiths ta Landan da jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin duk suna koyar da shi a matakin digiri na biyu.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Haka na sha jin ana tambaya, wani lokaci da dariyar ƙeta. Masu tambayar ƙungiya biyu ne. Akwai 'yan kimiyya da suke ganin duk abin da ya taɓa kwamfuta gadon gidansu ne. Akwai kuma namu na gida, waɗanda a wurinsu nazarin Hausa ya tsaya a kan karin sauti da jinsin suna, abin da ya wuce nan wasan yara ne. Duka biyun ina ja da su.

Ku dubi Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda ganuwarsa ta dutse take kwance a daji a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato. Ɗalibai nawa ne a Birnin Kebbi suka taɓa taka ƙafarsu can? Kowace damina tana tafiya da rabonta na wannan ganuwa. Da za a ɗauki hotunanta ɗaruruwa ta kowace fuska, kwamfuta tana iya haɗa su ta fitar da siffar ginin da tsawonsa da kaurinsa daidai. Wannan aikin injiniya ne, na yarda. Amma in an gama, wa zai ce ga sunan wannan ƙofa, ga abin da Kabawa suke faɗa a kanta, ga kirarin Kanta da ma'anarsa? Na'ura ba ta jin kirari. Dutse kawai za ta ba ka, kurma kuma bebe, sai wanda ya san harshe da tarihin baka ya sa masa baki.

Ga misali daga waje. Kafin gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta Faris a watan Afrilu na 2019, wani malami mai suna Andrew Tallon ya riga ya auna ginin kaf da na'urar haske, awon nasa kuma ya zama babbar shaida ta yadda ginin yake kafin wuta. Shi wannan malami masanin tarihin zane da gine-gine ne, ya koyi riƙe na'ura don fanninsa ya bukata. Ga kuma misali na gida: a 2019 Joel Kachi Benson, ɗan Nijeriya, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis da fim irin na tabarau a kan iyayen 'yan matan Chibok. Abin da ya ciyo masa kyautar labari ne da sanin yadda ake ba da shi, sana'ar da mu muke da'awar tamu ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tarihi ya maimaita kansa. A 1853 Bajamushe Heinrich Barth ya ratso ta Gwandu, a can ya ga littafin Tarikh al-Sudan, ya kwafi abin da ya kwafa, Turai ta san shi ta hannunsa. A 1934 Bargery ya fitar da ƙamusunsa, har gobe muna buɗe shi mu nemi ma'anar kalmomin kakanninmu, sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla. Ban raina aikin waɗannan mutane ba, sun yi abin da suka zo yi. Amma in muka yi barci, wata rana jikokinmu za su biya kuɗi su ɗaura tabarau su shiga Suramen da baƙo ya gina, da sunayen da ya ga dama, cikin harshen da ya ga dama. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Za a ce ba wuta, ba kuɗi, jami'o'in ma sun yi wata 8 a rufe a 2022, ina ga tabarau? Gaskiya ne. Sai dai wayar da take aljihun kowannenmu ta isa a fara ɗaukar hotunan kayan da suke Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, in an nemi izini. Za a kuma ce allo ba zai maye gurbin shiga Matan Fada da homa da gora ba. Wa ya ce zai maye? Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Yaran da suka tashi a wannan tsakani da ji kawai suka san shi. Masuntan da suka san gyaran ruwa da fashin ruwa kuwa tsufa suke yi, kowane ya tafi, da saninsa yake tafiya.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, duk jami'ar ƙasar nan da za ta buɗe wannan fanni ta buɗe ƙofarsa ga masu digirin Hausa da tarihi, ko da sai sun yi shekara guda ta share fage a kan kwamfuta. Na biyu, masu ba da tallafin ƙaro ilmi su sa ɗalibanmu cikin lissafi, da sharaɗin aikin bincikensu ya kasance a kan kayan gida, asalin abin da aka ɗauka kuma a ajiye shi a Argungu da Gwandu, hannun masu shi. Na uku, mu 'yan wannan ƙungiya mu zauna mu ƙirƙiro wa fannin kalmomi tun kafin na aro su yi saiwa. In sunayen da na kawo ba su yi muku ba, ku kawo waɗanda suka fi su, ni zan fara amfani da su.

Malamanmu, ku kuka koya mana cewa gani ya kori ji. To, ga zamanin gani ya zo har ƙofar gida, muna roƙonku ku shige mana gaba. Allah ya sa mu dace, amin.