Mu Karanta Kafin Mu Ƙona

A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya a Kano. A 2023 kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta haramta Queen Primer saboda kalmar "gay", alhali a tsohon Turancin da aka rubuta littafin da shi ma'anarta fara'a ce. Wuta ta ci takarda, labaran kuwa sun koma cikin waya. Yau yarinyar Sabon Birni ko Isa da 'yan bindiga suka raba da aji tana iya samun labarin maɗigo a makarantar kwana ta WhatsApp, ba malami ba uwa a kusa.

'Yan'uwana malamai, ban ce a sa irin waɗannan littattafai a manhaja ba. Cewa nake mu karanta su, domin ba ma iya amsa tambayar ɗalibi kan abin da ba mu sani ba. Ga kuma yaron da ake yi wa ihun "ɗan daudu" a filin makaranta don kawai muryarsa siririya ce. Shi ma amana ne a hannunmu. In muka taya masu tsokanarsa dariya, wayar zai nufa da damuwarsa, inda baƙon da ba mu sani ba ke jiransa.